Rasuwar Rashidi Yekini

Sa'ad da labari ya zo daga Ibadan, ran 4 ga Mayu 2012, cewa Rashidi Yekini ya riga mu gidan gaskiya yana da shekara 48 kacal, alhinin ma'abota ƙwallo, musamman na Kaduna mahaifarsa, ya gauraya da kunya. Gama mutumin da ya ci wa Nijeriya ƙwallo 37, wanda ya riƙe raga yana kururuwa a Amurka a 1994 bayan ya zura wa Bulgeriya, cikin kaɗaici ya ƙare kwanakinsa. Ajali ba ya jinkiri, haƙiƙa, amma a ganina haƙƙinsa na wuyanmu, mu da muka yawaita ta'aziyya alhali mun ƙaranta ziyara. Allah ya jiƙansa da rahama.