Ƙwan Fitilar da Aka Ƙera Domin Duhu

Tun daga 1 ga Satumba 1939, sa'ad da hukumar Ingila ta wajabta kashe fitilu da dare, jiragen ruwan yaƙi kuma suka riƙa ratsa Tekun Atlantika cikin zulumat saboda tsoron jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus, masana'antu suka shiga ƙera ƙwan lantarki wanda aka shafe da baƙin fenti, aka bar ɗan gurbi a ƙasa domin haske ya sauka ƙasa kaɗai. Ma'abota tara irin waɗannan ƙwayaye, a ra'ayina, amanar tarihi suka ɗauka. Don haka ina roƙonsu kada su riƙa kunna su don nishaɗin baƙi, gama siririyar wayar cikinsu ta tsufa, in ta tsinke kuwa, babu mai iya mayar da ita.