Kaska: haɗarin da ke bin makiyaya da mahauta ba tare da an lura ba

A kasuwannin dabbobi irin su Potiskum, Maigatari da Illela, kaska ba baƙuwa ba ce. Makiyayi kan cisge ta daga jikin saniya da hannu, ya murtsuke ta, ya ci gaba da harkarsa. Ta wannan hanya ce ake iya kamuwa da zazzaɓin Kirimiya-Kwango, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu.

An fara gano cutar a yankin Kirimiya a 1944, sannan a Kwango a 1956. Tana shiga jikin mutum ta cizon kaska ko ta taɓa jinin dabbar da ke ɗauke da ita. Abin damuwa shi ne dabbar ba ta nuna alamar ciwo, don haka ƙwarewar dillali wajen duba lafiyar sa ba za ta yi amfani ba. A jikin mutum kuwa, takan fara da zazzaɓi da ciwon kai da na jiki, har a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Ba a nesa take ba: a 2023 ta kashe wani mahauci a Senegal, kuma bincike ya nuna alamunta a jinin mutane a Jihar Borno.

Matakan kariya ba su da tsada: riga mai dogon hannu mai hasken launi, safar hannu da takalmin roba a mayanka, duba jiki bayan aiki, da yi wa dabba feshin maganin kaska mako biyu kafin yanka.

Matsalar ita ce wa zai ɗauki nauyi. Makiyayi da mahauci da mai jima ba su da ubangidan da doka za ta tilasta wa sayo kayan kariya. Amma ana karɓar haraji a kan dabbobin da ke shiga kara da mayanka. Ya kamata ƙananan hukumomi su ware wani kaso na kuɗin don feshi da safar hannu, sarakunan fawa su sa ido. Haka nan Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, da aka kafa a 2024, tana bukatar musayar bayanai da hukumar NCDC.

Magidancin da ke ɗaure rago a gida gabanin Babbar Sallah shi ma abin ya shafe shi, domin shi da 'ya'yansa ne makiyayan wannan rago har ranar layya.