Sojan da ya riƙe sandar kiɗa bai nemi ta mulki ba

A 1952, ana cikin yaƙin Koriya, kamfanin 20th Century Fox ya fito da fim mai suna Stars and Stripes Forever, bisa rayuwar John Philip Sousa, shugaban ƴan badujala na sojan Marin na Amurka. Henry Koster ya shirya shi, Clifton Webb ya fito a matsayin Sousa. Fim ne mai ƙawa, cike da tuta da kaki da tsayuwar fareti. Amma ya ƙara gishiri inda ba a bukata, ya kuma tsallake darasin da ya fi girma.

Masu fim sun ƙago wani saurayin soja, Willie Little, suka ce shi ya ƙera babban ƙahon nan na tagulla da ake kira susafon, suka haɗa shi da budurwa, suka tura shi yaƙin Amurka da Sipaniya na 1898 ya rasa ƙafa. Wannan saurayi bai taɓa rayuwa ba. Kamfanin J. W. Pepper na Filadelfiya ne ya fara ƙera ƙahon a shekarun 1890, bisa buƙatar Sousa. Ƙasar da ke yaƙi tana son labarin da zai sa matasa sha'awar kaki, shi ke nan aka ba ta.

Alhali kuwa tarihin gaskiya ya wadatar. An haifi Sousa a Washinton a 1854. Yana da shekara 13 mahaifinsa ya sa shi koyon kiɗa cikin sojan Marin, don kada ya bi masu wasan yawo. A 1880 ya zama shugaban ƙungiyar, ya riƙe ta shekara 12, ƙarƙashin shugabannin ƙasa biyar: Hayes, Garfield, Arthur, Cleveland da Harrison.

Zamanin bai rasa fitina ba. A 1881 aka harbe Garfield, ya yi jinya fiye da wata biyu, ya rasu. Babu wani hafsa da ya fito ya ce zai ceci ƙasa. Mataimakinsa Arthur ya hau kujera yadda tsarin mulki ya tanada, Sousa kuma ya tsara taken jana'iza ga mutumin da ya tsara wa taken rantsuwa watanni kaɗan baya. A 1885 mulki ya koma hannun jam'iyyar adawa, a 1889 ya sake juyawa. Badujala ba ta canza ba, domin ofis take busa wa, ba mutum ba.

Mai musu zai ce wannan kiɗa shi ya raka sojan da suka mamaye Filifin da Fuwato Riko. Gaskiya ne, kuma fim ɗin ya rufe ido bisa wannan. Sai dai laifin da soja ya yi a waje ba ya goge ladabin da ya nuna a gida.

A 1892 Sousa ya tuɓe kaki ya kafa ƙungiyarsa ta farar hula. Ya rasu a 1932. A 1987 majalisar dokoki, wakilan talakawa, ta mayar da kiɗansa na 1896 taken fareti na ƙasa.

Duk al'ummar da ta taɓa wayar gari ta ji kiɗan soja a rediyo gabanta ya faɗi, ta san bambanci. Akwai badujalar da ke kiran jama'a filin biki, akwai wadda ke mayar da su cikin ɗaka. Darajar soja tana ga ta farko.