In mai makulli ya tafi, wa zai buɗe rumbun?

Duk lokacin da aka tayar da zancen ƙwararrun ƴan Nijar masu barin ƙasa, likita ake fara ambata, sai injiniya, sai malamin jami'a. Magabata su yi jawabi, ƙungiyoyin ƙwadago su yi kuka, a watse. Akwai ma'aikaci guda da ke tafiya ba a ko buga masa waya a tambaye shi dalili: mai kula da ɗakin littattafai, da ɗan uwansa mai ajiyar takardun hukuma. Ranar da ya hau jirgi zuwa Dakar ko Faransa ko Kanada, babu mai fasa barci. Sai bayan shekara biyar, ranar da wani tsohon ma'aikaci ya zo neman takardar ɗaukarsa aiki domin ya samu kuɗin ritaya, aka juya kwalaye aka rasa, a ranar ake gane cewa wanda ya tafi da makulli ya tafi.

Jama'a da yawa, har cikin ƴan boko, suna ɗaukar wannan aiki tamkar gadi: mutum ya zauna bakin ƙofa, ya kaɗe ƙura, ya hana yara surutu. Wannan jahilci shi ne tushen matsalar. Aikin ilimi ne da ake koyo shekara da shekaru. Tun 1967 akwai makarantar EBAD a jami'ar Dakar, wadda ke horar da masu kula da littattafai da takardun tarihi na ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, kuma ƴan Nijar sun bi ta can, da yawansu da kuɗin tallafin karatu na gwamnati, watau da harajin talakawa. A can ake koya wa ɗalibi yadda zai zaɓi littafin da za a saya in kuɗi kaɗan ne, yadda zai ba kowace takarda lamba da gurbi har baƙo ya same ta cikin minti biyar, wace takarda doka ta yarda a ƙona, wace ce ba a taɓawa har abada, da yadda ake kare takarda daga gara da zafi da danshin damina. Ɗan kasuwar da ya taɓa rasa yaron da ya san inda kowane kwali yake cikin sito ya san darajar irin wannan sani.

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya dawo daga Dakar da shahadarsa a hannu, me ya tarar? Tun shekarun 1980 da ƙasar ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni, ɗaukar ma'aikata ya ja baya, kuma sashen al'adu ne a ƙarshen layi. Babban Taron Ƙasa na 1991, wanda masanin tarihi André Salifou ya shugabanta, ya buɗe ƙofar jam'iyyu da jaridu, amma bai cika baitulmali ba. Shekarun 1990 ma'aikata sun san su da bashin albashi na watanni. A ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ke daidai da sefa 50 ya koma 100. Littafin da ake odarsa daga Paris ya ninka kuɗi a dare ɗaya, kasafin sayen littattafai kuwa bai ninka ba. Ɗakunan karatu da dama sun koma jiran kyauta, kuma mai kyauta abin da ya ga dama yake aikowa. Ta haka ake samun littafin noman inabi a garin da gero da wake ne abincinsa.

Ga kuma wata al'ada da kowane ma'aikacin gwamnati ya sani, ko da ba a rubuta ta ko'ina ba. Wanda aka yi fushi da shi, ko wanda jam'iyyarsa ta faɗi zaɓe, ɗakin ajiyar takardu ake tura shi ya huce. Ma'ana, hukuma da kanta ta mai da wurin gidan horo. To, saurayin da ya yi shekaru yana koyon wannan sana'a, ya dawo ya tarar an ɗora masa shugaba wanda zaman dole ya kawo shi, ba kuɗin aiki, ba na'urar sanyaya ɗaki, ba hanyar ƙarin girma, abokan karatunsa da suka shiga duwan ko biron haraji sun gina gidaje, yaya za a yi ya zauna? Matakinsa na farko yakan zama cikin gida: ya bar gwamnati ya koma wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Yamai, inda ake biya a kan lokaci. Daga nan hanyar waje a buɗe take. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai dai ya kamata mai shirin tafiya ya san abin da ke jiran sa, domin labarin da ke dawowa gida yakan fi gaskiya zaƙi. A Faransa, manyan muƙaman ɗakunan karatu na gwamnati ta hanyar jarrabawar gasa ake shigar su, kuma zama cikakken ma'aikacin gwamnati na ƴan Faransa ne da ƴan ƙasashen Turai da doka ta haɗa su da su. Ɗan Nijar sai dai aikin kwantiragi, wanda ake sabuntawa ko a ƙi, takardar izinin zamansa kuma na rataye da shi. A Kanada da Amurka, manyan ɗakunan karatu na jami'o'i da na birane sukan nemi digiri na biyu daga makarantar da ƙungiyar ALA ta amince da ita. Wanda ya shugabanci sashe guda a Yamai zai iya wayar gari yana jera littattafai a kan kanta a Montreal, yana biyan kuɗin komawa aji da daddare, yana ɗan shekara arba'in. Wasu sun jure, sun kai matsayi, kuma sun cancanci yabo. Wasu sun bar sana'ar gaba ɗaya sun kama abin da ya samu. Irin waɗannan asara biyu ce: Nijar ta rasa su, ƙasar da suka je ba ta mori iliminsu ba.

Me ƙasa ke rasawa? A fara da abin da ya shafi aljihu. Takardar fili, hukuncin alƙali kan gado, yarjejeniyar kwangila tsakanin ɗan kasuwa da hukuma, takardar ƙarin girman ma'aikaci, duka a ɗakin ajiya suke kwana. Inda babu mai tsara su, fili ɗaya sai ya sami masu shi uku, kowa da takardarsa mai hatimi. Gwamnati takan faɗi shari'a don ta kasa fito da takardar da ita ta rubuta. Ɓatan takarda kuwa ba ya yi wa kowa daidai: mai hannu da shuni yakan sami hanyar da za a sake masa wata, talaka sai haƙuri. Mai cin amanar dukiyar ƙasa ba shi da abokin da ya fi ɗakin ajiya marar tsari. Duk hukumar bincike da aka kafa, ta zamanin farar hula ko ta soja, da takarda take aiki, ba da rantsuwa ba.

Sannan akwai abin da kuɗi ba sa saye. A cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni akwai rubuce-rubucen hannu kimanin 4000, na Larabci da na ajami, cikinsu da na Hausa da Fulatanci. Boubou Hama ne ya ɗauki nauyin tara asalinsu lokacin da yake shugaban majalisar dokoki, kafin juyin mulkin 1974 ya kai shi kaso. A Yamai ɗin kuma akwai cibiyar CELHTO, mai ajiyar muryoyin maroƙa da dattawan da suka daɗe a kabari. A Damagaram da Agadas da Tawa da Say akwai gidajen malamai da ke riƙe da littattafan kakanni cikin gafaka da akwatunan ƙarfe. Mai iya wannan aiki sai ya haɗa Larabci, da karatun rubutun Magaribi, da Hausa, da ilimin tsarin zamani. Irinsa ba a yin sa cikin shekara ɗaya. Kuma rabin abin da ya sani ba ya cikin rajista, yana cikin kansa: wane gida ke da wane littafi, wane malami ne zai yarda a ɗauki hoto, wane ne sai an bi ta hannun sarki. Amanar da ya gina cikin shekara ashirin ba a miƙa ta ga magaji da takardar canjin aiki.

Abin da ya faru a Tumbuktu ya isa darasi. A 2012, da masu ɗauke da makamai suka kama garin, masu kula da ɗakunan littattafai, a ƙarƙashin jagorancin Abdel Kader Haïdara, su suka kwashe dubban ɗaruruwan rubuce-rubuce cikin akwatuna, ta mota da ta kwalekwale, zuwa Bamako. A Janairu 2013 aka cinna wuta a cibiyar Ahmed Baba, wasu dubbai suka salwanta, amma mafi yawa sun riga sun tsira. Ba runduna ce ta cece su ba. Mutanen da suka san darajarsu ne, kuma suna nan a garin ranar da ake bukatarsu. A Nijar ma wuta ta nuna abin da take iyawa: a Janairu 2015 aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Damagaram, ɗaya daga cikin ƴan wuraren da ɗalibi ke aron littafi a garin.

Takardu ma sun riga masu tsaronsu yin hijira. Takardun gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa, wadda Nijar ta kasance ƙarƙashinta, a Dakar suke, wasu kuma a Aix-en-Provence. Ɗan Damagaram mai son sanin yadda aka mayar da hedkwatar ƙasa daga garinsu zuwa Yamai a 1926 yakan bukaci kuɗin jirgi kafin ya kammala bincikensa. A maƙwabta, Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, ya bar tarin rubuce-rubuce fiye da 3000, kuma yau a jami'ar Northwestern ta Amurka suke. An adana su da kyau, babu mai musun haka. Amma in littafin yana can, mai iya tsara shi ma ya bi shi can, me ya rage wa jikokin masu shi?

Za a ce ƙasar da ke fama da fari da rashin tsaro ba ta da sukunin damuwa da littattafai, kuma intanet ta riga ta shafe ɗakin karatu. Amsar mai sauƙi ce. Intanet ba ta san abin da ba a saka mata ba. Rahoton da injiniyoyin ruwa suka rubuta kan rijiyoyin wata gunduma a 1975, in yana cikin kwali a bayan biro, babu wayar da za ta fito da shi. Sai a sake biyan wani masani daga waje miliyoyi ya binciko abin da ƙasa ta riga ta biya aka bincika. Ɗaukar hoton takarda da na'ura ma, in babu wanda ya ba ta suna da lamba, canja wa tsibin shara mazauni ne kawai. Ƙasa mai ƙarancin kuɗi ita ta fi bukatar kada ta sayi abu ɗaya sau biyu.

Lamarin ya ƙara nauyi a shekarun nan. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Kowace na bukatar ɗakin karatu da mai iya riƙe shi. A Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda ita ta assasa ƙananan cibiyoyin karatu na CLAC a garuruwan karkara. A shekarar ce kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wanda ya ce zai tsaya da ƙafarsa ya ɗauki kayan da wasu ke ɗaukar masa. Wa zai tattara abin da aka rubuta da Hausa, na boko da na ajami, ya tsara shi, ya kai shi hannun ɗan makaranta?

Maganin ba ya bukatar taron ƙasa. Kowace ma'aikatar minista, kowace jiha, kowace babbar kotu ta sami gurbin mai ajiyar takardu, kuma kada a naɗa kowa sai mai shahadar aikin. A daina tura wanda ake hukuntawa can. A ba sana'ar matakan ƙarin girma irin na sauran ma'aikata masu karatu daidai da nasu. Kuɗin sayen littattafai na jami'a su zama layi na musamman da ba a karkatar da shi zuwa man mota. Wanda gwamnati ta biya wa karatu ya yi wa ƙasa wasu shekaru, da sharaɗin ita ma ta ba shi gurbi da kayan aiki, domin alkawari hannu biyu gare shi. A dubi kudu kuma: jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da wannan ilimi tun 1968, jami'ar Bayero ta Kano ma tana yi, Gidan Arewa na Kaduna ya daɗe da aikin rubutun ajami, kuma daga Maraɗi ko Damagaram Kano ta fi Dakar kusa nesa ba kusa ba. Waɗanda suka riga suka tafi, maimakon a kira su maciya amana, a gayyace su wata ɗaya a shekara su horar da na baya.

Alhazan Maraɗi da tajiran Damagaram ma suna da rabonsu. Sun gina masallatai da makarantun Islamiyya da ɗakunan shan magani, Allah ya saka. Wakafin ɗakin karatu guda a unguwa, tare da albashin ƙwararre ɗaya na shekara goma, bai kai kuɗin tirela ɗaya ba, kuma yana cikin ilimin da ake amfana da shi bayan mai shi ya kwanta dama.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma gidan da ya rufe wa ɗansa ƙofa ba shi da bakin yin wannan karin magana. Kafin magabata su zargi wanda ya tafi, su sauka ƙasan benen ma'aikatunsu, su buɗe ɗakin da kwalaye suke, su nemi takarda ɗaya tak ta shekara ashirin da ta wuce. Tsawon lokacin da za su ɗauka kafin su same ta, shi ne ma'aunin abin da ƙasa ta yi asara.