Tayil Ba Ya Hana Yoyo

'Yan uwa ɗaliban sashen gine-gine, in aka ba ku aikin mai da saman gareji wurin shan iska, kar ku yarda a manna tayil kawai. Ruwa yana ratsa kankare ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, dekin ya tsage.

A fara da gangare zuwa indararo, kamar yadda maginan soro suka saba. Sai shimfiɗar kwalta, ta hau bango santimita 15. A toshe indararo, a tara ruwa kwana 2. In bai ɗiga ba, sannan tayil.

Mai gida zai ce tsada. Ku tsaya kan bakanku, don ran da ya fara yoyo sunanku zai kira.