Me ya mai da Morgana muguwa?

Ranar Litinin, lokacin hutun ƙarfe goma, na tarar da ɗalibaina suna gardama a gindin dogon yaro. Batun Merlin ne, wasan nan na tsafi da dodanni da BBC ta nuna daga 2008 zuwa 2012, wanda har yau yaran unguwarmu ta Maourey, nan Yamai, ke tura wa juna ta waya. Na tambaye su me ya sa Morgana ta juya wa masarautar Camelot baya. Wani yaro ya ce, "Malam, muguwa ce kawai." Kowa ya yarda, in ban da wata yarinya da ta yi shiru.

Amsar nan ta dame ni. Yaron da ya saba rufe magana da "mugu ne kawai" a gaban talabijin, haka zai yi wa maƙwabcinsa gobe.

Mu duba labarin. Morgana ta taso a gidan Sarki Uther, wanda ya hana sihiri, yake kashe duk wanda aka kama da shi. Da farko ita ce mai tsaya wa talakawa, mai faɗa wa sarki gaskiya ido da ido. Sai ta fara mafarkai suna tabbata. Gaius, likitan fada, ya san abin da ke damunta, amma ya riƙa ba ta maganin barci yana ɓoye mata. Merlin, mai irin baiwarta, bai taɓa ce mata "ni ma haka nake" ba, daga baya ma guba ya ba ta don ya ceci garin. Sannan ta gano cewa Uther ne ya haife ta, kuma bai yarda ya bayyana wa duniya ba. Wadda ta buɗe mata hannu ita ce 'yar'uwarta Morgause, mai neman rushe masarautar.

Shi kansa Uther da dalilinsa. Shi ya nemi a yi sihiri don ya sami magaji, matarsa ta rasu wajen haihuwar Arthur. Maimakon ya ɗauki laifinsa, ya huce a kan wasu. Ruwa ba ya tsami banza.

Wani uba zai ce wannan neman wa mai laifi uzuri ne. A'a. Da Morgana ta hau mulki, ta sa an harbi jama'ar gari da ba su ji ba su gani ba, kuma wannan zaɓinta ne. Gane dalili daban, wanke laifi daban. Yaro na iya riƙe biyun tare in an koya masa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Gaius. Tsoho ɗaya, yara biyu masu tsoro iri ɗaya: ya ba Merlin littafi da shawara, ya ba Morgana maganin barci. Mu malamai da iyaye, sau nawa yarinya ke zuwa da damuwa mu ce "je ki kwanta"? Wanda muka ƙi saurare, wani zai saurare shi a waje, kuma ba mu ne za mu zaɓi wannan wanin ba.

Na san akwai iyayen da ba sa son wasannin tsafi a gidajensu, kuma haƙƙinsu ne. Amma wayar tana aljihun abokin ɗanka. In ya riga ya kalla, zauna ka yi masa tambaya uku, kamar yadda ake yi bayan tatsuniya: me wannan mutum yake so, me yake tsoro, wace hanya ce ya gani ya ƙi bi?

Da aka kaɗa ƙararrawa, yarinyar nan mai shiru ta biyo ni har bakin aji. Ta ce, "Malam, ai ba wanda ya taɓa faɗa mata gaskiya." Tun ranar nake tunanin ko Morgana kaɗai take nufi.