Kiɗan Fiyano Ba Iskanci Ba Ne

Kai mai karatu, ko kana Matankari, ko Tibiri, ko Gecheme, ka san wanga kiɗi. In ana biki, samari su ɗauko sipika, su tada inji, su haɗa da wayar salula. Kiɗi ya tashi, ƴan mata su cika fili. Shi ake kira kiɗan fiyano, wasu su ce nanaye. Yawancinsa daga Kano yake zuwa, tare da finafinan Hausa. Ba ganga a wurin, ba kalangu. Na'ura ce mai lantarki ke fitar da muryoyinsu duka.

Ka sha jin manya suna zaginsa. Suna cewa ba kiɗi ba ne, hayaniya ce, ƙarfe ke kuka. Suna cewa kuma kiɗan ƴan iska ne, wanda ya so shi ya lalace. Ni ban yarda ba.

Wai ƙarfe ke kuka! To, goge fa? Ƙoƙo ne da fata da izgar doki. Ka aje shi cikin ɗaki shekara goma, ba ya cewa uffan. Sai mai hannu ya ɗauka, sannan ya yi magana har jikinka ya yi sanyi. Fiyano ma haka yake. Mutum ke zaunawa ya tsara bugun, ya aza muryar sarewa bisa, ya bar wa mawaƙi wurin numfashi, ya bar wa ƴan amshi nasu. In ka saurara da kyau, sau da yawa tafiyar kalangu ce za ka ji a ƙasa. Salon kuwa irin na dandali ne: ɗaya ya bada waƙa, saura su amsa. Abin da kakanninmu mata sunka yi da tafi a farin wata, shi jikoki sunka zuba cikin na'ura. Gaskiya akwai ɗanɗanon finafinan Indiya a ciki. Amma shayi ma ba a Arewa anka fara shansa ba, kuma ba wanda ya zubar da butarsa.

Kada ka ɗauka abin na jiya ne. A 1978 wani ɗan ƙasarmu, Mamman Sani, ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai da fiyano mai lantarki. Ya buga sautukan gargajiya na Nijar da shi, anka ɗauka a kaset. Shekara da shekaru rediyo da talabijin suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. Tsofaffin da ke zagin fiyano yau sun sha jinsa, ba su toshe kunne ba. A 2013 wani kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da kiɗan nan a faifai, har Mamman Sani ya tafi Turai yana wasa.

Sai maganar iskanci. Nan ne abin ya fi ba ni haushi, don mu mutanen Arewa bai kamata mu yi ta ba. Mun san abin da ake faɗa kan goge: kiɗan bori, kiɗan gidan mata masu zaman kansu. An daɗe ana raina mai goge, wasu ko ɗiyarsu ba su ba shi aure. Yau kuwa in anka tashi nuna al'adun Dogon Dutsi, shi ake nema, a ce ga gadonmu. Bakin da ya zagi goge shi ne ya koma kan fiyano. A 2020 da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta fito, matan aure sunka yi ta rawarta gaban mazansu, cikin gidajensu. Wasu sunka tada jijiyar wuya. Abin da ya dace su yi faɗa a kai shi ne yaɗa hoton a waya. Mace ta yi wa mijinta rawa, ina iskanci a nan?

Akwai waƙoƙin batsa, i. Akwai malalatan da ke sato bugun wani su canza kalmomi kawai. Wannan laifin mai waƙa ne, kuma a bakin makaɗan gargajiya ma an ji ashar.

Abin da ya kamata ya dame ka daban ne. Da can, biki ɗaya na ciyar da mai kalangu da yaransa da maroƙi. Yanzu sipika ɗaya ta cinye rabonsu. Masu kukan an kashe al'ada, su ne farkon masu hayar sipika don ta fi araha. In kana aurar da ɗiyarka bana bayan girbi, kira mai kalangun garinku ya kai amarya, ka biya shi da kyau. Da dare ka bar yara su tada injinsu. Ka dai gaya musu su rage ƙara in anka kira salla, su kashe kafin tsofaffi su kwanta.